Yadda marubuci zai rabu da "sai gobe" ya zauna ya yi rubutunsa

Goggona ta rasu da damina, shekara shida ke nan, ta tafi da labaran da na yi mata alkawarin rubutawa. Duk danginmu ba wanda ya kai ta sanin yadda kakanninmu fatake suka baro ƙasar Kano da jakuna, suka biyo ta Yola, suka sauke kaya a Garwa ta ƙasar Kamaru, a bakin Binuwai, ba su sake komawa ba. Ta san zango-zango, ta san wanda ya rasu a hanya da inda aka binne shi. Duk ranar da na je gaishe ta sai ta ce, "Ɗan nan, yaushe za ka zo da takardar taka?" Ni kuma in ce, "Goggo, bari a yi hutun makaranta." Aka yi hutu, aka koma, aka sake yin wani. Kaye, wato littafin rubutu, mai shafi 200 na saya musamman don wannan aiki, na rubuta shafi uku, na jefa shi a akwati. Bayan sadakar arba'in na ɗauko shi, na tarar gara ta cinye gefensa na ƙasa, har ta tafi da rabin shafi na uku.

A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, in ji masu magana. Tun daga ranar na shiga neman yadda mutum zai riƙa zama ya yi rubutu ko yana jin daɗi ko ba ya ji. Abin da zan zayyana a nan shi ne tsarin da ya zauna mini bayan gwaje-gwaje da yawa, kuma na yi shi ne da tunanin irinmu: masu aikin albashi ko kasuwa ko hidimar gida, a garuruwa masu zafi irin Garwa da Marwa da Njamena, inda wuta take zuwa ta tafi, baƙo kuma ba ya aiko da sanarwa kafin ya yi sallama.

Fara da gane abin da kake gudu

Yawancinmu muna kiran abin da lalaci, kuma wannan suna ba daidai ba ne. Mutumin da ke tashi da asuba, ya wuni yana fama a aji ko a rumfa, ya dawo ya duba mara lafiya, ba malalaci ba ne. Rubutun ne kaɗai yake kewayewa. Malamanmu suna da sunan da ya fi dacewa, taswifi, daga kalmar Larabci saufa, wato "zan yi nan gaba". A 2013 wasu masana halayyar ɗan'adam biyu, Fuschia Sirois da Timothy Pychyl, sun wallafa maƙala inda suka nuna cewa mai jan ƙafa yana gudun wani rashin daɗi ne da aikin ke tayar masa a zuciya, sai ya sayi sauƙin yanzu da wahalar gobe. Da na karanta wannan na ga kaina ƙarara. Duk sanda na tunkari kayen nan wani abu ne ke tokare mini ƙirji, da na ɗauki waya kuma sai ya sake ni.

Don haka matakin farko ba na jadawali ba ne. Samu takarda ka rubuta a samanta, "Ba na son zama in rubuta wannan abu saboda", sannan ka ƙarasa jimlar sau biyar, kowane karo da dalili daban. Biyun farko za su zama na fita kunya: ba lokaci, ga zafi. Daga na uku gaskiya take fara leƙowa.

Abin da ya fito a tawa takardar, kuma na ji shi a bakin mutane da dama a nan, shi ne tsoron Hausar kanta. Mu boko da Faransanci muka yi shi. Ba wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya koya mana rubuta Hausa. Hannu ya saba sa "ou" inda ake son "u", "tch" inda ake son "c", "dj" inda ake son "j". Ga shi Hausar tamu ta sha Fulatanci, ta sha Faransanci, a Kusuri da Njamena ta sha Larabci. Sai mutum ya rubuta layi biyu ya ji kamar wani Bakano na leƙen kafaɗarsa yana murmushi, ya rufe littafin. In wannan ne naka ciwon, ka sani ƙa'idar rubutu aba ce da ake koya cikin 'yan makonni, kuma na ware mata rana tata a ƙasa. Abin da ba a koya a ko'ina shi ne labarin da ke cikinka da irin maganar unguwarku, kuma shi ne abin da wancan Bakanon ba shi da shi.

Wani kuma abin da zai fito a takardarsa shi ne bai san inda labarin ya dosa ba. Wani yana tsoron dangi su gane kansu a ciki. Kowanne da maganinsa, amma sai ka kira shi da sunansa tukuna.

Aiki ɗaya, kuma gwargwadon allo

Ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. In kana da labari uku da ka fara, da waƙoƙi, da tarihin unguwa, zaɓi ɗaya yau. Sauran ka haɗa su a leda ka ɗaure, ka rubuta kwanan wata a jiki, ka ajiye inda gara ba za ta kai ba. Ba watsar da su ka yi ba, layi ka sa su. Na lura cewa sabon labari yakan zo da zaƙinsa daidai lokacin da tsohon ya kai wurin wuya, kuma wannan ma wata ƙofa ce ta gudu. In ya zo, ba shi layi biyu a shafin ƙarshe na kaye, ka koma kan wanda kake yi.

Sannan ka rage girman aikin. Dubi malamin allo. Ba ya rubuta wa yaro izu guda a zama ɗaya. Abin da allo zai ɗauka yake ba shi, yaro ya biya, ya riƙe, a wanke, a yi ƙari, kuma da haka ake sauke izu sittin. Wanda ya ce wa kansa "gobe zan fara littafina" ya ɗora wa ransa dutse, dole ya kauce. Wanda ya ce "gobe zan rubuta yadda Goggo ke ɗaure goro a bakin zane" ya san abin da zai yi in ya zauna.

Ka yanka wa kanka allo na kullum. Nawa shafi biyu ne na kaye, wanda a rubutun hannuna yake kai kalmomi kamar 300. In kai sabon shiga ne, fara da shafi ɗaya, ko rabi. Ka sa shi ƙasa da abin da kake ganin za ka iya, don ranar da ka tashi da ciwon kai ma ka iya cika shi. Yi lissafi ka gani: kalma 200 a rana, kwana shida a mako, 1,200 ke nan, cikin mako 25 ka tara 30,000, wato ƙaramin littafi. An ruwaito daga Nana A'isha cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Maganar ibada ake yi, amma duk mai sana'a ya san haka abin yake a hannunsa ma.

Ɗaure rubutun a jikin wani abu da ba ka fashinsa

"In na samu lokaci" ba lokaci ba ne. Peter Gollwitzer, wani masani Bajamushe, ya bayyana a 1999 cewa niyyar da aka ƙulla da siffar "in kaza ya faru, zan yi kaza a wuri kaza" ta fi cika a kan niyyar da aka bari sake. Mu kuwa Allah ya ba mu turaku biyar a kowace rana waɗanda ba sa gocewa. Ka zaɓi ɗaya ka ɗaure rubutunka a jikinsa.

Ni asuba na zaɓa, kuma ita nake ba mafi yawan maza shawara. Jimlata ita ce: in na dawo daga masallaci na gama azkar, zan zauna a tabarmar zaure in buɗe kaye. A Garwa, daga Maris zuwa Afrilu, zafi kan haura digiri 40 da rana, kwanon ɗaki ya ɗau wuta, ƙwaƙwalwa ta yi nauyi tun kafin azahar. Tsakanin sallamar liman da fitowar rana ne kaɗai iska ke da ɗan sanyi, masu babura ba su cika titi ba, ba kuma wanda zai zo maka hira. Wannan ɗan tsakanin ya ishi shafi biyu. Anthony Trollope, marubucin Ingila da ya yi shekaru yana aikin gidan waya, da ƙarfe biyar da rabi na safe yake zama, agogo a gabansa, yana neman kalma 250 a kowane minti 15, kafin ya tafi ofis. Da irin wannan zama ya bar littattafan ƙagaggun labarai 47. Ban kawo shi don ka yi tsere da shi ba. Na kawo shi ne don shi ma ma'aikaci ne, bai jira ritaya ba.

Ke kuma 'yar'uwa, na san asuba ba taki ba ce. Ga ɗora ruwa, ga kunu, ga yaran da za a shirya. Naki lokacin yana iya zama hantsi, bayan sun fita an share tsakar gida, kafin a ɗora sanwar rana. Ki ɗaure shi da wani abu tabbatacce: in na gama wanke-wanken safe, zan zauna a bakin gado da kaye, kafin in taɓa waya. Ɗan kasuwa yana da nasa tsakanin azahar da la'asar, sa'ad da rana ta kori masu saye. Dare shi ne na ƙarshe a wurina, saboda gajiyar wuni tana taimakon "sai gobe", amma in shi kaɗai gare ka, riƙe shi. Da azumi ka sake lissafi tun kafin a ga wata. Mutane da yawa bayan sahur ya fi yi musu.

Wurin ma kada ya riƙa canjawa. Tabarma ɗaya, kusurwa ɗaya. Bayan mako biyu ko uku za ka ji jiki da kansa ya san abin da ake yi a wurin.

Shirin dare, da maganar waya

Rubutun safe da dare ake fara shi. Bayan isha'i, kafin ka kwanta, ka yi abu huɗu da ba za su ci minti biyar ba. Shimfiɗa tabarmar. Ajiye kaye a buɗe a shafin da za ka ci gaba, da bik (biro) biyu a kai, don kada ƙarewar tawada ta zama hujja. Duba fitilar caji ko tana da wuta. Sannan ka rubuta a saman shafin, da layi ɗaya, abin da za ka rubuta gobe. Neman bik a duhu kaɗai ya isa ya mayar da mutum kan katifa, na gani a kaina ba sau ɗaya ba.

Sai waya. A nan zan tsananta, domin a nan mafi yawanmu muke faɗuwa. Kifa ta a gefenka ba ya wadatarwa, sa ta a shiru ma ba ya wadatarwa. Hannu ya riga ya saba, zai kai kanta kafin ka ankara. Za ka ce saƙo ɗaya za ka duba a WhatsApp, ka tarar da muryoyi goma sha biyu a zauren dangi, daga nan Facebook, daga nan TikTok, ka ɗago ka ga rana ta fito. Ka bar ta a wani ɗakin, a kashe, ko ka miƙa wa uwargida ka ce kada ta ba ka sai ka nuna mata shafin yau. In da ita kake tashi sallah, nemi ƙaramin agogo ko tsohuwar waya mai madannai wadda ba ta hawa intanet.

Shi ya sa nake cewa zubin farko a yi shi da hannu, a takarda. Takarda ba ta kawo saƙo, ba ta neman caji, ba ruwanta da an ɗauke wuta kwana biyu. Na san akwai waɗanda a waya suke rubutu kai tsaye, musamman mata masu sakin labari kashi-kashi, kuma wasunsu suna da ƙwazon da nake sha'awa. In haka kika saba, to ki kashe data, ki sa wayar a yanayin jirgin sama tun da dare, kada ki buɗe sai kin cika allonki.

Zaman kansa

Ka yi bismillah ka zauna. Yi wa kanka alkawarin minti biyar kacal: zan rubuta na minti biyar, in na ga ba zan iya ba in tashi. Nauyin duk a bakin ƙofa yake. Da wuya ka kai minti biyar ɗin ka so tashi, in kuma ka tashi, ka riga ka fi jiya.

In hannu ya saki, sai ka auna zaman. Wani Ba'italiye, Francesco Cirillo, tun yana ɗalibi a ƙarshen shekarun 1980, ya ɓullo da tsarin da ake kira Pomodoro, sunan tumatir a harshensu, saboda agogon girkin da ya yi amfani da shi siffar tumatir gare shi. Tsarin shi ne aiki na minti 25 ba waiwaye, hutun minti biyar, a sake. Bayan zagaye huɗu a yi dogon hutu. Ni zagaye biyu nake yi da asuba, a tsakani in miƙe in sha ruwan randa in dawo. Lambar ba wahayi ba ce, in 20 ta fi maka, yi 20. Amfaninta shi ne zuciya ta san akwai iyaka, sai ta daina zillo.

Ajiye wata 'yar takarda a gefen dama. Da ka fara rubutu za ka tuna ba ka biya kuɗin ruwa ba, ba ka kira wane ka yi masa barka ba, buhun masara ya kusa ƙarewa. Kada ka yi faɗa da waɗannan tunane-tunane, kada kuma ka bi su. Rubuta kowanne da kalma biyu a 'yar takardar, ka koma layinka. In ka tashi ka same su suna jiranka.

Ga doka mafi wuya: a wannan zama ba a gyara. Kada ka koma ka karanta shafin jiya gaba ɗaya, layi uku na ƙarshe sun isa su mayar da kai cikin labarin. Kada ka soke jimla don ba ta yi daɗi ba. Mai rubutu da mai gyara ma'aikata biyu ne, in ka haɗa su a tabarma ɗaya mai gyaran zai hana ɗan'uwansa motsi, ka wuni a sakin layi ɗaya. In kalmar Hausa ta ɓace maka, ta Fulatanci ko ta Faransanci ta zo, rubuta wadda ta zo ka ja mata layi a ƙasa ka wuce. In ka manta shekarar da aka yi wani abu, ko sunan wani ƙauye a hanyar Ngawundare, bar fili ka sa alamar tambaya. Tashi neman amsa a intanet a tsakiyar rubutu shi ne jan ƙafar da ya fi kowanne iya shigar burtu, don mutum yana ji kamar aiki yake yi.

Akwai safiyar da za ka zauna kai ya bushe ƙaf. Kada ka tashi. Rubuta abin da ke gabanka: ƙadangaren da ke kan katanga, ƙarar tabarya daga maƙwabta, ƙamshin itacen da aka hura. Ko ka ɗauki mutumin labarinka ka tambaye shi abin da ya ci jiya da dare, ka rubuta amsarsa da irin bakinsa. Sau da yawa daga nan hanya take buɗewa. In ba ta buɗe ba, ka dai cika shafinka, kuma gobe zaman zai fi sauƙi saboda ba ka karya shi yau ba.

In allo ya cika, tsaya, ko da kana jin daɗin tafiyar. Ya fi kyau ma ka tsaya a inda ka san abin da ke biye, ka rubuta shi da layi ɗaya a ƙasa. Gobe ba farar takarda za ka tarar ba, zare ne a hannunka.

Jama'a

Littattafan Turawa kan ce ka rufe ƙofa ka hana kowa shigowa. Wannan ba zai yiwu a gidajenmu ba, kuma ban ga alherin ya yiwu ba. Zumunci a ƙafa yake. Ranar jana'iza ba a maganar shafi biyu. Suna, ɗaurin aure, dubiya, duk haƙƙoƙi ne, kuma marubucin da ya yanke kansa daga mutane zai rasa abin rubutawa.

Abin yi shi ne ka nemi alfarmar ɗan lokaci ƙayyadadde, da ladabi, tun kafin buƙata ta taso. Ni durƙusawa na yi gaban mahaifiyata na ce, "Inna, daga dawowa masallaci zuwa fitowar rana ina ɗan aiki a zaure, labaran su Goggo nake rubutawa. In ba larura ba, a yi mini uzuri." Ta ce, "Allah ya yi albarka, ai da tuni ka fara." Tun daga ranar ita ce ke korar yara daga bakin zauren. Mutane suna girmama abin da aka gaya musu iyakarsa. Abin da ba sa ganewa shi ne mutum ya wuni yana ɗaure fuska wai yana tunanin littafi.

Majalisar shayi kuwa, kada ka bar ta, amma ka mayar da ita lada. Ranar da ka cika allonka, je ka sha na farko da na biyu da na uku da zuciya sake. Ka dai kiyayi ba da labarin da kake rubutawa a can. Labarin da ka riga ka bayar da baki, aka yi dariya aka yaba, ƙishirwar rubuta shi takan mutu.

Nemi mai biya maka, ka kuma yanka wa'adi

Almajiri yana riƙe karatunsa ne don ya san gobe zai biya a gaban malam. Kai ma nemi mutum ɗaya, ɗaya tak, wanda kake jin nauyinsa. Ba sai marubuci ba. Ku yi yarjejeniya cewa kowace Asabar za ka tura masa hoton shafukan mako, aikinsa kawai ya ƙirga ya ce "sun cika" ko "saura biyu". Kada ka nemi ra'ayinsa a kan labarin tukuna. A bangon ɗaki kuma ka rataya kalanda, duk ranar da ka zauna ka yi mata alama da jan bik.

Sai wa'adi. C. Northcote Parkinson ya rubuta a 1955 cewa aiki yakan buɗe ya cinye duk lokacin da aka ba shi, kuma littafin da ba shi da ranar gamawa yakan cinye rayuwa. Waɗanda suka yi karatun Faransanci sun san Victor Hugo. Da mawallafinsa ya matsa masa a 1830, matarsa ta ba da labarin cewa ya sayi kwalbar tawada, ya kulle tufafinsa na fita don kada ya je ko'ina, ya zauna daga Satumba. A Janairun 1831 ya kammala Notre-Dame de Paris. Mu ma namu adabin na boko da wa'adi ya fara. Gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, ƙarƙashin Rupert East, ita ta fito da Ruwan Bagaja, kuma Abubakar Imam yana malamin makaranta a Katsina, ɗan shekara 22, ya rubuta shi. Mata kuma suna da gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016, wadda ke da ranar rufewa da ba a ɗaga wa kowa. In ba gasa a gabanka, ƙirƙiro wa'adinka daga kalandar da kowa ya sani: babi uku kafin Babbar Sallah, zubin farko kafin a koma makaranta a Satumba. Faɗa wa mai biya maka, ya rubuta.

In ka yi fashi

Za ka yi. Zazzaɓin damina zai kwantar da kai, tafiya za ta taso, ko kawai ka yi sakaci. Shafin da ya wuce ba salla ba ne, ba a rama shi. Wanda ya ce zai biya bashin kwana biyar a zama ɗaya ya sake ɗora wa kansa dutsen nan na farko. Ka koma washegari da rabin allo, jibi ka cika. Zargin kai kuma ka rage shi, domin shi ne yake ƙara wa kayen nauyi har ka kasa buɗe shi. Addu'ar nan ta neman tsari daga gajiyawa da kasala, wadda ke cikin azkar, ka riƙe ta da niyyar wannan aiki ma.

Lahadi ranar gyara

Kwana shida na zubi ne, Lahadi ta mai gyara ce. A ranar nake kwafe shafukan mako zuwa waya ko kwamfuta, kuma kwafewar kanta gyara ce ta farko, don hannu ba ya yarda ya sake rubuta jimlar da ba ta da amfani. A ranar ake cike filayen da aka bari, a nemi Hausar kalmomin da aka ja wa layi. Wasu za ka tarar ba sa son canji, saboda haka mutumin labarin zai faɗe su a Marwa, sai ka bar masa abinsa.

A nan ne kuma ake koyon ƙa'ida, kaɗan-kaɗan. Shiga saitin madannan wayarka ka ƙara Hausa; Gboard tana da ita, a nan za ka samu ƙ da ɗ da ɓ waɗanda madannan Faransanci ba su da su. Ba ado ba ne: baki daban, baƙi daban, haka kasa da ƙasa, haka daki da ɗaki. Kowace Lahadi ɗauki ƙa'ida ɗaya ka bi shafukanka da ita. Wannan makon ka tabbatar "yana" da "suna" a haɗe suke, "za ta" da "ya ce" a rabe. Mako mai zuwa ka farauci duk "ou" da ta saci hanya ta shigo. Da ka gama, sa wa rubutun kwanan wata ka tura wa kanka ta imel, ka tura wa mai biya maka, domin waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa.

Na ƙarshe, karanta shi da ƙarfi a gaban wanda ya fi ka Hausa, ko da bai san boko ba. Kunne yana kama abin da ido ya tsallake. Abin da ya saura na labaran Goggo a wurin ƙanwarta nake tsinto shi yanzu, guntu-guntu, kuma ita nake karanta wa. Lahadin da ta wuce ina cikin karanta mata babin tashin ayari daga zango, ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya, ɗan nan. Wa ya ce maka madugu ne ke shiga gaba? Jagaba ne a gaba." Na ce, "To, Goggo," na zagaye wurin da jan bik, na ci gaba da karatu.